Inna Ba Ta Cikin Na'ura

Aikina rubuta manhaja ne, irin wadda ba a gani da ido, wadda ke zaune cikin sarbar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai, tana amsa abin da shafin intanet ya tambaye ta. Ina da ɗan biro, wato ƙaramin ofis, a Zongo, saman shagon wani mai tayoyi, kuma duk wanda ya saba hawa matakalar nan ya san ni da abu biyu: hannuna na da sauri, zuciyata kuma ta fi hannun sauri. Na biyun ban taɓa ɗaukarsa aibi ba. A wancan lokacin na yi imani cewa duk matsalar da na'ura ta kawo, in ka bi sawunta, za ka tarar da wani mutum zaune a ƙarshe yana danna abin da ba a ce ya danna ba. A lissafina kuwa wannan mutumin bai taɓa zama ni ba.

Cikin waɗanda na yi wa aiki akwai wata ƙaramar kliniki a Harobanda mai kula da yara masu ciwon sikila. Ɗaki huɗu ne da rumfa, likita ɗaya, sai shugabar masu jinya da kowa ke ce wa Majo, wata dattijuwa ƴar Maraɗi mai tabarau a ƙarshen hanci. Kafin zuwana komai na yaran nan cikin manyan littattafai yake, Majo ke rubutawa da hannunta. Ni na ce mata zamanin wannan ya wuce. Na gina musu rumbun bayanai, wanda mu masu sana'ar muke ce wa baz, na raba shi tebur uku. Akwai na yara, inda sunan yaro da lambar wayar uwarsa suke. Akwai na ziyara, inda ake rubuta abin da aka gani da maganin da aka bayar a kowane zuwa. Na ukun na gwajin jini ne. Kowane yaro na da lambarsa, ita ce ke haɗa teburan. Duk farkon wata manhajar kan fitar da jerin waɗanda za a kira su zo karɓar maganin kariya, kuma ba abin da nake taƙama da shi kamar wannan jerin. Majo ta so ta ci gaba da littafinta a gefe. Na yi mata dariya, na ce wahala biyu ke nan, ta bari kawai. Ta kuwa bari.

Wata Talata cikin damina, da hantsi, ta kira ni.

"Mai na'ura, akwai yarinyar da munka nema cikin abinka, ba ta ciki."

"Kun rubuta sunan daidai kuwa, Majo?"

"Harafi huɗu ne, ɗana. Ka taho."

Na hau babur raina a ɓace. A kan gada kogi ya cika ya yi jawur, ni kuwa ban ko tsaya kallonsa ba, ina ta shirya faɗan da zan yi wa duk wanda ke zama gaban na'urar. Har na tanadi kalmomin da zan fara da su.

Ban samu damar faɗin ko ɗaya ba. Majo ta tare ni a rumfa ta wuce da ni ɗakin kwanciya. A gadon kusa da taga wata yarinya ce kamar ƴar shekara bakwai, an sa mata ƙarin ruwa, idanunta sun yi rawaya. Ba kuka take ba. Ta kama gefen mayafin uwarta da haƙori tana cijewa duk lokacin da ciwon ya motsa. Uwar, wata siririyar mace da ba ta wuce talatin ba, tana zaune a ƙasa kusa da gadon, ta ɗora hannu ɗaya a gwiwar ƴar.

Likitan, Bazabarme ne mai Hausar kasuwa haɗe da Faransanci, ya ja ni gefe ya yi mini bayani a gurguje. Zazzaɓin yarinyar mai ƙarfi ne, dole a yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta. Iri biyu suke da su. A bara an yi mata ɗaya daga cikin biyun, fuskarta ta kumbura, numfashi ya nemi ɗaukewa, da kyar aka ceto ta. Wacce ce daga ciki, ba wanda ya sani. Likitan da ya yi aikin a lokacin an sauya masa wuri, lambarsa ba ta shiga. Majo a makon tana Maraɗi wajen rasuwa. Uwar abin da ta sani kawai allura ce, ruwanta fari. Karnen yarinyar, wato ɗan littafin asibitin da uwa ke riƙewa, ambaliyar bara ta tafi da shi tare da sauran kayan ɗakinsu. Uban direba ne, yana can hanyar arewa inda babu rezo, waya ba ta shiga. Wuri ɗaya ya rage da aka rubuta sunan allurar, shi ne cikin baz ɗina.

"Ina jira har la'asar," in ji likitan. "Bayan la'asar dole in zaɓi ɗaya."

Na zauna a teburin karɓar marasa lafiya, na buɗe na'urata. Na tambayi Majo sunan yarinyar, ta ce Inna. Na ɗaga kai na ce ai wannan ba suna ba ne. Ta ce da shi aka rubuta ta, da shi ta yi shekara biyu tana zuwa.

Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Na bar shafin da ma'aikata ke amfani da shi, na shiga baz ɗin kai tsaye, na rubuta reket, wato tambayar da ake aika wa rumbu: fito mini da duk yaron da sunansa Inna. Amsa ta dawo fanko. Na ce wataƙila an sa harafi babba ko an bar fili a gaban sunan, na sassauta tambayar yadda za ta kamo duk abin da ya yi kama da shi. Fanko. Na nema da lambar wayar uwar. Fanko. Na buɗe fayil ɗin da PHP, yaren da na rubuta manhajar da shi, ke rubuta kurakurai a ciki, na bi shi layi layi har wata uku baya, ban ga komai ba sai ƙananan gargaɗin da na saba gani. Na duba ko shafin na magana da baz ɗin gwaji maimakon na gaskiya, domin wannan ya taɓa faruwa da ni a wani wuri. Ba haka ba ne. Komai na aiki lafiya lau, abin da ya ƙara tayar mini da hankali ke nan, don na'urar da ta lalace ta fi sauƙin sha'ani.

Majo ta leƙo ta ce, "Yaya?"

Na ce, "Na'urar ce ta ɗan samu matsala, yanzu zan gano."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta koma ciki.

Sai na juya tambayar. Maimakon in nemi yarinyar, na ce wa baz ɗin ya nuna mini duk ziyarar da lambarta ba ta da mai ita a teburin yara. A ƙa'ida bai kamata a samu ko ɗaya ba, domin ba a rubuta ziyara sai da yaro. Layuka suka zubo, sun fi ɗari. Na tattara su bisa lamba, suka zama lamba bakwai. Yara bakwai ke nan da aka auna nauyinsu, aka duba zafin jikinsu, aka ba su magani wata da watanni, amma sunansu da lambar uwarsu sun ɓace daga rumbun. Ba a ɓacewa haka kawai. Wani ne ya goge su, kuma ma'aikatan klinikin ba su da ikon gogewa, ni da kaina na hana su, don ban yarda da hannunsu ba. Mutum ɗaya ne ke da wannan ikon.

Na buɗe tarihin umarnin da na taɓa bai wa sarbar ɗin, ina ja sama, ina fatan kada in ga abin da na riga na fara tunawa. Na gan shi. Wata biyu da ƴan kwanaki baya, da yamma, daga birona na Zongo.

Lokacin da nake gina shafin rajista, na shigar da yaran ƙarya guda huɗu don in gwada ko yana aiki. Duk mai wannan sana'a na yin haka, yakan buga duk abin da ya zo masa a hannu. Ni abin da ya zo mini shi ne Baba, Inna, Mama, Abba. Na manta da su a ciki kusan shekara biyu. Ranar nan na tuna, na ce bari in share dattin nan, na rubuta DELETE, umarnin gogewa, na ce a cire duk mai ɗaya daga cikin sunayen nan huɗu. Ban fara dubawa in ga su wa zai kwasa ba, alhali wannan ne abu na farko da nake yi wa wasu tsawa a kansa. Na'urar ta amsa cewa ta cire layi goma sha ɗaya. Na ga lambar da idona. Huɗu na zuba, sha ɗaya suka fita, ni kuwa na rufe na'urar na sauka shan shayi wajen mai tayoyi.

Akwai sauran fata ɗaya, kwafin da sarbar ke ajiyewa kullum. Na buɗe wurin da sauri. Kwafi bakwai ne, na kwana bakwai da suka wuce. Ni na rubuta ɗan shirin da ke share tsofaffin don kada wuri ya cika, har na taɓa nuna wa wani abokin sana'a shi ina yabon kaina.

Aka kira azahar a masallacin bayan klinikin, na kasa tashi. Abin da ya fi ci mini rai ba gogewar ba ce kaɗai. Ni ɗan fari ne, kuma sunan kakana na wajen uba aka sa mini. Mahaifiyata, ƴar Damagaram, yau shekara talatin da shida ba ta taɓa furta sunana ba. In tana nemana sai ta ce a kira mata wancan, in ta ji daɗina ta ce Baba. Ƙannena Baba suke ce mini, maƙwabta ma haka, ban san ina da wani suna ba sai ranar da aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, malamin aji ya kira shi na ƙi amsawa. Shi ya sa da na tashi buga sunan ƙarya, Baba ne ya fara zuwa hannuna. Na san sarai cewa matar da aka sa wa ƴarta sunan uwar mijinta ba za ta kama sunan nan a bakinta ba, Inna za ta ce. A cikin wannan al'adar na tashi, da ita aka yi mini tuwo aka yi mini faɗa. Amma da na zauna gaban na'ura sai na zama wani mutum dabam, wanda a wurinsa suna shi ne abin da ke kan takardar haihuwa, sauran duk datti ne.

Na yi alwala na yi sallar da ban san me na karanta a ciki ba, na dawo. Kuka ba zai dawo da layi ba, kuma bayanin maganin bai ɓace ba, yana nan cikin teburin ziyara a ƙarƙashin ɗaya daga lambobin nan bakwai. Abin da ya rage shi ne in gano wacce ce tata.

Na roƙi a kira mini uwar. Ta fito ta zauna a bakin benci, rabin jikinta na fuskantar ƙofar ɗakin da ƴarta take.

Na ce, "Baiwar Allah, wace rana ce aka yi mata allurar da ta kumbura ta?"

"Ban riƙe ranar ba, Malam. Bayan layya ne. Naman bai ƙare ba, don ina suyar na ƙarshe jikinta ya yi zahi."

Na duba kalanda na ga inda layyar bara ta faɗo, na ce wa baz ɗin ya ba ni ziyarar lambobin bakwai daga ranar sallar zuwa kwana goma. Uku suka fito. Ɗaya nauyinsa na jariri ne, na cire shi. Saura biyu, nauyinsu kusan ɗaya, kwana biyu tsakanin zuwansu. Na buɗe bayanin kowanne ina addu'a. Tsohon likitan ba mai son rubutu ba ne. A duka biyun kalma guda ya sa, kumburi, domin masu sikila hannuwansu da ƙafafunsu kan kumbura ko ba allura. Ta farko an yi mata allura iri na ɗaya, ta biyu iri na biyu. In na ɗauki lambar da ba tata ba, zan miƙa wa likita ainihin abin da zai kashe ta, in ce masa shi ne mai lafiya.

"Ranar Laraba kuka zo ko Juma'a?"

"Wallahi ban sani ba."

"Kwana nawa kuka yi?"

"Munka kwana, munka kwana. Ban ƙirga ba."

Sai ta ƙara da wata magana da ban tambaye ta ba, a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

"Da kun kira mu wata biyun nan da ba ta kai haka ba. Maganin wata ya ƙare, ina ta jiran kira. Da na ji shiru na aza an bar bayarwa."

Ba wanda ya kira ta saboda jerin da nake taƙama da shi daga teburin yara yake ɗauko sunaye, ita kuwa ƴarta ba ta ciki. Wanda ba ya cikin jeri ba a lura da rashinsa. Na sunkuyar da kai kan na'ura kamar ina neman wani abu, don kada ta ga fuskata.

A nan na tuna da tebur na uku. Gwajin jini a wani ɗakin gwaji na cikin gari ake yi, su kuma ba sa karɓar jini sai da sunan da ke kan takardar haihuwa. Yawanci uba ne ke kai wa, shi ke faɗin sunan. Na nemi gwajin lambobin biyu. Kowacce da cikakken sunanta na yanka a rubuce, sunayen mata biyu mabambanta. Na duba agogo, saura kamar rabin awa la'asar. Daga ɗaki na ji yarinyar ta saki wani ƙaramin nishi, na farko da na ji daga bakinta.

Na ce, "Mene ne sunanta na yanka?"

Matar ta dubi ƙasa.

"Sunan da aka raɗa mata ranar suna nake tambaya."

"Mai sunan uwar maigidana ce."

"Na sani. Mene ne sunan?"

Ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ba taurin kai ba ne, na san wannan shirun, a gidanmu na girma da shi. Amma tsoro da kunyar abin da na aikata sun taru sun zama fushi, fushin kuwa ya nemi wanda ya fi ni rauni. Na buga tebur. Na ce mata ƴarta na kwance tsakanin rai da mutuwa ita tana nan tana mini kunya. Na ce in wani abu ya faru kada ta ce laifin kowa ne. Ni da na goge yarinyar da hannuna, ni na faɗi wannan, da ƙarfi, har masu jira a rumfa suka juyo.

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya kawo ruwa amma bai zubo ba. Ta waiga hagu da dama kamar mai shirin yin sata. Sannan ta faɗi sunan, can ƙasa. Ban ji ba sosai saboda ruwan sama ya fara bugun kwanon rumfar, na ce ta sake. Ta sake, a gaban mutane.

Lamba ta biyu ce. Na rubuta sunan allurar da ta kumbura ta a takarda na ruga na kai wa likita. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ɗauko ɗayar. Ya ce mini da an kai la'asar ba labari, wadda na rubuta ɗin ce zai zaɓa, don ita ya fi amincewa da ita.

Da na fito, Majo na tsaye bakin ƙofa. Ta ji duk abin da ya faru. Ta kira ni ɗakin magani ta tura ƙofa.

"Sunaye nawa ka gani cikin abin naka?"

"Biyu."

"To mi ya hana ka karanta mata su? Da ka karanta, da ta gyaɗa kai ga nata. Haka muke yi da su shekara ashirin, ba wadda munka taɓa sa ta faɗa da bakinta."

Hanyar na gabana, mai sauƙi, kuma ko mahaifiyata haka ake yi mata in an zo ƙidaya, a karanto ta ce i. Sai na gaya wa Majo sauran. Na ce ba na'ura ce ta samu matsala ba, ni na goge su, su bakwai, na kuma gaya mata dalili. Ta cire tabarau ta goge da gefen zane, ta daɗe tana gogewa.

"Na san ba na'ura ba ce tun da ka ce na'ura ce," in ji ta. "Kai da kullum mutane kake zargi."

Ta buɗe kabad ta ciro sabon littafi babba, irin na da, ta ajiye a kan tebur. Ba ta nemi shawarata ba.

Kwana huɗu na yi ina zuwa Harobanda kullum. Da sunayen teburin gwaji da ƙwaƙwalwar Majo muka bi sauran shidan. Biyu ashe sun zo a tsakani, da aka neme su aka rasa sai aka sake yi musu sabuwar rajista, tarihinsu ya tsinke biyu, na ɗinke shi. Sauran sai da muka bi unguwa unguwa a kan babur ɗina cikin taɓo, Majo a baya tana nuna hanya, tana tambayar masu shago gidan da ke da yaro mai ciwon ƙashi. Duk mun same su da rai, ɗaya dai ya rame ƙwarai. A kowane gida Majo ta ce kuskure aka yi a wurinmu, ba ta taɓa nuna ni ba, wannan kuma ya fi mini zafi fiye da a ce ta nuna.

Barci bai yi mini daɗi ba a makon. Ran Juma'a na je gaida mahaifiyata, ta ce wa ƙanwata, "Kawo wa wancan ruwa, ya yi baƙi." Na karɓi kofin na kasa haɗa ido da ita.

Ranar Asabar aka sallami yarinyar. Ta fito da ƙafarta tana jingina da uwar, siririya kamar kara, tana riƙe da ledar magani. Na jira su a bakin rumfa. Tun ranar Talata uwar ba ta sake duban inda nake ba, in na shigo sai ta juya fuska bango.

Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na ce mata ni ne na cire ƴarta daga na'ura, bisa kuskure, shi ya sa ba a kira ta ba. Na ce abin da na faɗa mata ranar nan ba gaskiya ba ne, laifin nawa ne tun daga farko, ta yafe mini. Na shirya jin kowace irin magana. Ta gyara wa yarinyar ɗankwali.

"Ka maida ta ciki?"

"Na mayar."

"Da wane suna?"

"Da na yanka, yadda ba za ta sake ɓacewa ba."

Na faɗi haka ina jin na yi abin kirki. Sai na ga fuskarta ta canza, ta ƙara riƙe hannun ƴar.

"To ran da na dawo, in anka tambaye ni, mi zan ce?"

Kwana huɗu ina gyara, kuma abin da na gyara shi ne in tilasta mata ta riƙa faɗin sunan nan duk wata a gaban layi.

"Malam," ta ce, muryarta ba faɗa a ciki, "uwar maigidana ta rasu kahin a haihi wagga ɗiya. Ita ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Tun da anka kawo ni gidanta ban taɓa kama sunanta ba sai ran Talata, sau biyu. Ka sa Inna. Kada a sake sa ni."

Na ce ta dakata. Na zauna nan kan bencin na buɗe na'ura a gwiwata, na ƙara wa teburin yara gurbi ɗaya, na sunan da uwa ke kira, na sa neman ya fara da shi. Aikin bai kai minti goma ba, kuma da na yi shi shekara biyu baya da duk wannan bai faru ba. Na rubuta harafi huɗun, na danna, lambar yarinyar ta fito da duk tarihinta. Na juya mata allon ta gani, ko da yake na san ba ta karatu.

Ba ta dubi allon ba. Ta sunkuya ta goya yarinyar, duk da ta yi girma da goyo, ta ɗaure zane, ta ce, "Inna, mu tahi gida."

Har suka fita ƙofar klinikin ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban sake tambaya ba.